Bashira Mai Fil, Waliyyar Nuzla

In ka shigo Nuzla ka tambayi gidan Bashira, za a yi ta yawo da kai lungu-lungu, don masu sunan sun yi yawa a unguwar. Amma ka ce Shaikha mai fil, ko Bayamanen da ke gasa burodi a bakin titi zai ajiye aikinsa ya nuna maka ƙofarmu, ya kuma roƙe ka ka ce in sa shi a addu'a. To, ni ce. Shekaruna sun haura hamsin, ban taɓa aure ba, kuma matan unguwa sun yanke hukunci cewa ni waliyya ce. Ni kuwa, tun da gaskiya za a faɗa, duk lokacin da ake sumbatar hannun nan nawa babu abin da nake so a duniya irin in auri Abdulwahid direba.

A nan Jidda aka haife ni. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar hajji, ya yada zango a Gadarif ta Sudan, zangon ya zama gona da mata da 'ya'ya. Babanmu, Muslim, shi ya ƙarasa tafiyar. Ya tsallako teku ya sauke farali, shi ma ya manta hanyar komawa, ya yi ta dako a tashar jirgin ruwa har bayansa ya ƙi. Ni ban san Kano ba, ban san Gadarif ba. Na san Nuzla, na san kasuwar Bab Sharif, na san fargabar lokacin sabunta iƙama, takardar izinin zama.

Maganar rashin aure kuwa, babu wani sirri a ciki. Da ƙuruciyata ba laifi, ina da tsawo, ina da wushirya, kuma na san ina da su, nan matsalar take. Wani mai tsire ya zo, na ce warin hayaƙi yake yi. Wani tela ya zo, na ce in muka jera tsakiyar kansa zan riƙa kallo. Wanda na ɗan so ba shi da takarda, Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ke tsallake katanga in ya ji jiniya ba. Ana cikin haka Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Baba ya rasu, ƙanena Nuraddeen ya yi aure ya koma unguwar Safa, aka bar ni da ita, juyi da wanka da abinci a baki. Ban yi don a yaba ba, kuma ban yi da fara'a kullum ba, akwai ranakun da har tsaki na yi. Da aka kai ta makwancinta na ɗaga kai na duba, sai na ga mai tsiren nan yana aurar da 'yarsa ta biyu. Ruwan ido ne da jinya, tarihin ke nan gaba ɗaya.

Aikina a ƙofar ga'a yake, wato ɗakin bikin da ake haya. A ɓangaren mata akwai wani ɗan ɗaki daga shiga, nan ne masarautata. Mace ta shigo a lulluɓe, ta tuɓe abayarta ta miƙo mini, in maƙala wa rigar lamba da fil, in ba ta 'yar'uwar lambar ta riƙe, in rataye. In uwar amarya mai tsanani ce, har wayoyi nake karɓa don kada a ɗauki hoton matan mutane. Daga nan su shige ciki da ƙyalƙyali da kiɗa, a bar ni da baƙaƙen riguna. Bikin da na gani ta ƙofar nan Allah kaɗai ya san yawansa, kuma babu amaryar da ta wuce ban samo mata aibu ba, wannan hancin, waccan tafiyar agwagwa. A lokacin ita ce ibadar da na fi dagewa a kai.

A nan na haɗu da Tirhas, 'yar Eritrea, Kirista, wadda ke dafa gahawa da shayin baƙi. Tun la'asar muke zuwa, ita tana wanke ƙananan kofuna, ni ina jera maratayai, muna hira da wani Larabci da babu Balaraben da zai yarda nasa ne. Wata rana jakarta ta zube, wani ɗan hoto ya faɗo: mace da mayafi, manyan idanu, da zobe mai ruwan zinare a bayan kanta. Ta yi wuf ta ɗauke, don a garin nan ba a yawo da irin wannan a fili. Na tambaye ta ko 'yar'uwarta ce.

"Arsema ce," in ji ta. "Waliyyarmu."

"Mace?"

"Mace, kuma budurwa. A farkon addininmu, lokacin da sarakunan Rum ke kashe masu bi, akwai 'yan mata da yawa da suka ce ba za su yi aure ba, sun ba Allah kansu. Ita wannan, sarki ne ya ce yana so, saboda kyaunta. Ta gudu wata ƙasa. Sarkin can ma ya gani ya ce yana so. Ta ce a'a. Suka kashe ta."

"Sarki biyu?"

"Biyu, habibti. Irinsu in sun mutu akan gina wurin ibada a kan kabarinsu. Mutane su zo daga nesa, su ɗebi man fitilar wurin, ko 'yar ƙasa, ko su goga ƙyalle a jikin kabarin su tafi da shi gida. A ƙasarmu har yau mata na kiran sunanta, mai neman haihuwa, mai neman lafiya, mai neman miji."

Na ce ta tsaya. "Wadda ba ta yi aure ba ake roƙo miji?"

"Ita fa. Ai ba ta taɓa nata rabon ba, yana nan a ajiye."

Na ce mata mu a addininmu aure sunna ne, babu wannan zancen, kowa da nasa. Ta ce ɗayyib, ba ta ja ba. Sai ta ƙare mini kallo, kofi a hannu, ta ce da a ƙauyensu nake da tuni tsofaffi sun fara taɓa bakin zanena. Na jefe ta da marataya. Amma maganar ta bi ni har gida, kuma ta yi mini daɗi. Tun da nake, ranar ce aka fara duban halin da nake ciki ba a ce "Allah sarki" ba.

Ba a daɗe ba sai ga abin Latifatu. 'Yar maƙwabciyarmu Asma'u ce, ta doshi talatin tana zaune, uwar ta rame don tunani. Suka zo wani biki, da aka tashi na cire lambar na manta fil ɗin a jikin abayar yarinyar. A cikin makon wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki daga unguwar Mahjar ya aiko neman aurenta. Asma'u, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar an ji ta a Makka, ta biyo ni har ga'a da fil ɗin a tafin hannunta.

"Ya Bashira, shufi, dubi abin da na tsinta a abayar Latifa. Ranar da na gan shi, ranar suka zo. Wallahi ranar."

Na miƙa hannu in karɓa, don ƙidaya mana su ake yi. Ta dunƙule hannunta. Tirhas na tsaye da butar gahawa, ita kuma ba ta iya ganin wuta ba ta ƙara itace ba.

"Haka namu suke yi," in ji ta. Ta zayyana wa Asma'u labarin 'yan matan nan tun daga sarakunan Rum har man fitila.

Da aka zo kan hoto da kabari Asma'u ta ce a'uzubillahi, ta tofar. Sauran labarin kuwa ta naɗe shi tsaf ta tafi da shi Nuzla. Kafin ya zaga unguwa an wanke shi, an sa masa ɗankwali, babu Rum babu Tirhas. Abin da ya rage shi ne: 'yar gidan marigayi Muslim ba kwantai ta yi ba, ita ta ƙi aure saboda Allah, kuma rabon da ta bari shi take rabawa.

Daga nan fil ya fara ɓacewa. Uwa ta karɓi abayar 'yarta, ta kama hannuna ta raɗa mini, "Khalli dabbus, bar fil ɗin a jiki." Mai kula da ga'a ta yi faɗa har ta gaji, na koma sayen nawa a shagon kayan arha, 'yan China, cikin roba. Waɗanda suka samu miji suka cika gari da labari. Waɗanda ba su samu ba suka ce raunin imaninsu ne, suka dawo karɓar na biyu. Aka ce ba na barcin dare, kuma gaskiya ne, biki a Jidda ba ya tashi da wuri. Aka ce ƙamshi ke fita daga jikina ba tare da na shafa komai ba, shi ma gaskiya ne, wanda ya wuni rungume da abayoyin matan attajirai dole ya yi ƙamshin turaren itace. Telan da na raina ya zama babban ɗan kasuwar yadi a bakin mutane. Mai tsire ya zama mai gidajen abinci. Da an ƙara mini shekara biyu da na samu sarakunana.

Da na so, da rana ɗaya na kashe maganar. Ban so ba. Matan da a da in na wuce suke taɓa juna da gwiwar hannu, yanzu miƙewa suke yi su ba ni kujera. A wurin suna ni ake fara zuba wa nama. Na sayi farin mayafi da carbi mai tsawo. Na rage saurin tafiya, na koyi magana ƙasa-ƙasa, na daina ɓarzar 'ya'yan kankana a bakin ƙofa. Fim ɗin da nake bi a talabijin na koma kallonsa taga a rufe, murya a ƙasa. Nuraddeen ya taso daga Safa da motarsa, ya tsaya a tsakar ɗaki yana huci.

"Ya ukhti, haza shirk! Haram alaiki. In aka kai ƙara fa? Kina so a ce mana khuruj, mu tafi ƙasar da ba mu sani ba?"

Na yi masa murmushin da na yi ta gwadawa a madubi, na ce ni ban ce wa kowa komai ba. Ya fita yana faɗa. Da yamma matarsa ta kira ni a waya, ta ce don Allah in ajiye mata guda ɗaya saboda ƙanwarta, kada in faɗa masa.

Shi Abdulwahid, wanda muke kira Abu Nasir, shi ke tuƙa bas ɗin da ke kwasar mu masu aikin ga'a. Ɗan Gadarif ne, danginmu na can sun san nasa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma sun watse. Ba kyakkyawa ba ne, kunnuwansa sun yi wa kansa yawa, kuma da ina 'yar ashirin da ta nan zan fara. Amma mutum ne da in ya tsaya sai ya jira ki zauna kafin ya ja mota. Kujerar bayansa ya ware mini saboda gwiwata. Wani lokaci in tarar da burodi mai zafi a naɗe a kan kujerar, in na yi godiya ya ce saya ya yi ya yi masa yawa. Kullum yana yi masa yawa. Yakan ce, "Bashira 'yar Baba Muslim, yaya gwiwa?" ni kuma in ji kamar an tambaye ni duk rayuwata. Na san ƙeyar mutumin nan fiye da yadda na san fuskar wasu 'yan'uwana. Ina son sa, kuma ina ganin shi ma da magana a bakinsa, jira kawai nake ya furta.

Sai na lura abubuwa sun canza. Ya daina cewa Bashira, ya koma Shaikha. In na shiga mota ya kashe rediyo. Burodi ya ɗauke. Ni da wautata na ɗauka kunya ce ta mai shirin magana, har na fara tunanin wane labule zan sa a ɗakinsa.

Kawu Na'ibi ne ya warware mini. Ƙanen Inna ne, shi kaɗai ya rage mana babba, duk wanda zai nemi aurena ta wurinsa zai bi. Tun da aka fara kiran sa kawun Shaikha ya ƙara faɗin rawani. Wata Asabar da hantsi ya shigo, ɗakina cike da mata, kowace da 'yarta da buƙatarta. Ya zauna, aka ba shi shayi, ya gyara murya don kowa ya ji.

"Ai kwanakin baya na raba ki da wata fitina, ban ma faɗa miki ba. Direban nan, Abdulwahid. Wai ya zo neman aurenki."

Carbin ya tsaya a hannuna.

"Na ce masa, Abu Nasir, ka ji tsoron Allah. Wadda ta ƙi masu dukiya tana da ƙuruciya, kai za ta aura da bas ɗin kafili, motar ubangidanka? Wannan ta wuce nan, ta Allah ce. Wallahi har hawaye ya yi, ya ce bai sani ba, a nema masa gafara. Na ce halas, ya wuce."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Asma'u ta share ido da bakin mayafi. Wata tsohuwa ta rarrafo ta kama ƙafata. Duk suka zuba mini ido suna jiran abin da waliyya za ta ce, ni kuwa abin da ke bakina ashar ne, irin wanda ban yi ba tun ina yarinya. Na dubi Kawu, na dubi matan, na dubi farin mayafin da na saya da kuɗina. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu." Har murmushin na yi, don fuskar ta riga ta saba.

Da la'asar a ga'a na faɗa wa Tirhas. Na zata dariya za ta yi, sai na ga ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Kina son sa?"

"Ina son sa."

"To me kike jira? Yalla, sauko daga waliccin nan."

Na yi ƙoƙarin saukowa, Allah ya gani. Na ninke farin mayafi na ɗauko wani ja mai furanni. Na sa lalle har gwiwar hannu. Na je kasuwar kifi na tsaya na yi cacar baki da wani Bangali a kan ciniki har mutane suka taru. Na buɗe taga na ƙure muryar talabijin. Duk a banza. Asma'u ta bi gida-gida tana bayani cewa haka manyan bayin Allah suke yi, in sun ga an gane su sai su ɓoye kansu da shirme. Wata ta ce Bangalin nan ma da dalili, ƙila algus yake yi, Shaikha ta hango. A makon da na sa lalle, 'yan matan lungunmu duk suka sa irin zanen. Wata rana na ƙi ba da fil, na ce ƙarfe ne kawai na China, sai uwar yarinyar ta fashe da kuka ta ce me suka yi mini.

Da na ga haka na ce wa Tirhas ta gaya wa Abu Nasir ina son ganin sa, a gida, ranar Juma'a bayan la'asar. Ta zo tun da wuri ta taya ni. Ta soya gahawa irin ta ƙasarsu, ta turara ɗakin, ta sa ni na canza riga har sau nawa. Na sa kwalli, na goge, na sake sawa. Mace mai furfura tana leƙen taga kamar 'yar sakandare. Tirhas ta shige kicin ta bar ƙofa a buɗe, don kada a ce mun keɓe.

Ya zo cikin farar jallabiya mai guga. Tun daga bakin matakala ya tuɓe takalmi. Na nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ya ajiye wata robar ruwa a gefensa, kansa a sunkuye. Kwallin da na sha wahala a kai ko kallo bai samu ba.

"Abu Nasir," na ce, "an ce ka je wurin Kawu."

"A yafe mini, Shaikha. Jahilci ne. Wallahi da na sani ko a zuciya ba zan kawo ba."

"Ba laifi ka yi ba. Ɗago ka dube ni."

"Astagfirullah."

Na ga in na bi ta lalama za mu kai magariba. Na ajiye kunyar da na yi shekaru ina tarawa, na faɗa masa da Hausar da babu kwana a ciki.

"Ka saurare ni. Ni ba waliyya ba ce. Ban ƙi aure don Allah ba. Iyayi na yi da ƙuruciya, jinya ta cinye sauran, daga baya babu wanda ya zo. Fil ɗin nan a shago nake saye. Kawu bai tambaye ni ba. Da ya tambaye ni, da na ce ina so. Yanzu ma ina so."

Motsin cokalin Tirhas ya tsaya a kicin. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ce a raina shi ke nan, ya ji. Ya ɗago kaɗan, idanunsa sun cika, ya dubi saitin ƙafafuna.

"Allahu akbar," in ji shi. "Hajiya Asma'u ta faɗa mini. Ta ce za ki jarraba ni, ta ce za ki ƙasƙantar da kanki don ki ga ko zuciyata ta tsarkaka. Shaikha, ta tsarkaka. Wallahi yanzu kallon uwa nake miki."

Uwa. Mutumin da ya girme ni.

Tirhas ta leƙo daga kicin, buta a hannu. "Ya rajil, kai kurma ne? Matar nan aure take so!"

Ya yi mata murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda ba a cikin addini yake ba, ya ce ba za ta gane waɗannan abubuwa ba. Sannan ya jawo robar ruwan ya tura gabana da hannu biyu.

"Dama ina neman hanyar zuwa, sai ga saƙonki, na san ba banza ba. Akwai wata baiwar Allah a Mahjar, Zubaidatu, mijinta ya rasu. Ta ce ta karɓi dabbus a hannunki bayan sallar layya, ba a yi wata ba aka haɗa mu. An sa rana. Albarkarki ce, Shaikha, ke kika ba ni ita. Na ce ba za a ɗaura ba sai kin yi mana tofi, mu sha ni da ita."

Na tuna ta. Gajeruwa, mai yawan godiya. Ni da kaina na maƙala mata, har na dafa kanta.

Na duba ko akwai sauran abin da zan faɗa wanda ba za a mayar da shi karama ba, ban samu ba. In na yi ihu, jarrabawa ce. In na kore shi, wani sirri na hango. Na yi shekaru ina gina katangar nan da hannuna, ina jin daɗin tsawonta, ga shi yau mutumin da nake so yana zaune a ƙasa a ɗaya gefen, ba ya ko jin muryata. Baƙin ciki ya rufe ni, irin wanda ban ji ba tun rasuwar Inna.

Na ɗauki robar na buɗe. Na karanta Fatiha, kuma tsakani da Allah na karanta, don mutumin kirki ne, ya cancanci wadda za ta jira shi da abinci. Ina cikin tofawa hawaye ya ƙwace mini, ya gangaro da kwallin, ya ɗiga a cikin ruwan. Na kai hannu in zubar in sake wani. Ya yi sauri ya karɓe robar, ya rufe ta da kyau, ya rungume a ƙirji.

"A'a, Shaikha, bar shi haka," in ji shi. "Wannan ai ya fi abin da na zo nema."

Ya fita da baya da baya, yana godiya, har ya kai inda ya bar takalminsa.